Ɗalibai Masu Aikin Sa-kai, Ku Sa Hannun Yaran Cikin Aikin

Idan ranar yara ta 27 ga Mayu ta ƙarato, ko zangon karatu ya kusa ƙarewa, ƙungiyoyin ɗalibai a jami'o'i da kwalejojin ilimi sukan zauna su yi shawarar abin da za su yi wa al'umma kafin shugabanninsu su sauka. Sau da yawa shawarar takan tsaya a kan ƙananan yara, 'yan nazare ko 'yan rabin aji na wata firamare da ke kusa. Yadda abin yake tafiya sananne ne. A yi karo-karo, a sayo kwalayen biskit da alewa da fensir, a buga ƙyalle mai ɗauke da sunan ƙungiya, a ɗauki shatar mota. A makarantar a fito da yaran a jera su cikin rana, wani ya yi jawabin da ya fi ƙarfin kunnen ɗan shekara huɗu, a miƙa wa kowane yaro ƙunshinsa, a ce su ɗaga sama a ɗauki hoto, su haɗa baki su ce sun gode. Kafin azahar an watse, kafin la'asar hotuna sun hau Facebook. Niyyar matasan nan kyakkyawa ce, kuɗin kuma daga aljihun da ba shi da nauyi suka fito, don haka babu mai hankalin da zai raina abin da suka yi. Amma ina da ja a kan tsarin. Ra'ayina shi ne, aikin da zai amfani waɗannan yara shi ne wanda su da kansu za su yi wa wani hidima a cikinsa, ƙarami daidai ƙarfinsu, kuma ɗaliban su riƙa dawowa ana yin sa mako bayan mako har zangon ya ƙare.

Dalili na farko yana cikin halittar yaron. A shekarar 2006 wasu masana biyu na cibiyar bincike ta Max Planck da ke Leipzig a Jamus, Felix Warneken da Michael Tomasello, suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi da yara 'yan wata 18, waɗanda ko magana ba su gama iyawa ba. Mai gwajin yakan yi kamar yana shanya, sai abin maƙale tufafi ya suɓuce masa ya faɗi ƙasa, ya miƙa hannu bai kai ba. Ko kuma ya tunkari kabad hannuwansa cike da kaya, ya kasa buɗe ƙofar. Ba ya roƙon yaron, ba ya yi masa alkawarin komai. Duk da haka mafi yawan yaran sukan taso su ɗauko masa abin, ko su buɗe masa ƙofar. Idan kuwa da gangan ya jefar da abin, ba su cika kula shi ba, wato tun a wannan shekaru suna iya bambance mai bukata da wanda ba shi da ita. A 2008 masanan suka sake wani gwaji da 'yan wata 20. Wasu yaran ana ba su ɗan abin wasa duk sanda suka taimaka, wasu a yaba musu da baki, wasu ba a yi musu komai. Da aka daina ba da ladan, waɗanda aka sabar musu da kyauta su ne taimakonsu ya ja baya, sauran kuwa suka ci gaba yadda suka saba. Wannan magana ce da ya kamata duk mai tsara aiki da ƙananan yara ya riƙe da kyau: son taimako yana nan a cikin yaro tun kafin a koya masa, abin da yake nema shi ne wurin da zai yi amfani da shi, kuma yawan cusa masa kyauta a hannu na iya rage wannan son.

Gidajenmu sun daɗe da sanin haka ba tare da gwaji ba. Yaron da ya fara tafiya da ƙarfinsa ake ba wa kwanon tuwo ya kai wa maƙwabciya, shi ake aika ya miƙa wa kaka butarta, shi ke biye da yayarsa in za ta kai abincin ciyayya ƙofar gida. A wurin gayya manya ne ke riƙe da fartanya, amma yara ne ke kai musu ruwa da fura. Wata masaniya Ba'amurkiya, Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda zirga-zirgar yara tsakanin gidaje take riƙe da zumunci da ƙananan sana'o'in matan da ke cikin kulle: su ne ke kai saƙo, su kai gudummawar biki da suna, su sayo cefane. A can Turai ma waɗanda suka assasa karatun ƙananan yara a kan wannan suka gina shi. Friedrich Froebel, wanda ya buɗe makarantarsa a Jamus a wajajen 1840, ya ware wa yara 'yan filayen shuka da za su kula da su, ita kuma Maria Montessori, da ta buɗe ajinta na farko a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a 1907, ta sa shara da goge teburi da zuba wa juna abinci cikin darasin yau da kullum. To me zai sa ɗalibanmu, waɗanda akasarinsu da aike suka girma, su shiga aji su mayar da yara 'yan kallo?

Akwai kuma abin da rabon kayan yini ɗaya yake koyarwa ba tare da an yi niyya ba. Yaro yana koyo da abin da aka sa shi ya yi fiye da abin da aka faɗa masa. Idan abin da aka sa shi ya yi shi ne ya shiga layi, ya miƙa hannu, ya ce ya gode wa baƙon da ba zai sake gani ba, to darasin da ya ɗauka shi ne alheri abu ne da ke saukowa daga mota, rabonsa a ciki shi ne jira. A yankin da bara ta zame mana ciwon da muke ta neman maganinsa, wannan darasi ne da bai kamata masu ilimi su ƙara wa yaro ba, musamman ɗan talaka, wanda shi aka fi kai wa irin wannan ziyara.

Ga yadda ɗaya hanyar za ta iya kasancewa. Ɗalibai goma su ɗauki aji ɗaya kawai, su yi shawara da malamar ajin, a tsayar da aiki ɗaya: shuka zogale ko dalbejiya a harabar makaranta don samar da inuwa da ganyen miya. Aikin ƙarfi na ɗaliban ne. Su za su haƙa ramuka, su kawo taki, su kewaye kowace shuka da ƙaya ko tsohon kwando saboda awaki, domin akuya kan lalata da yawa daga cikin itatuwan da ake dasawa da biki. Yaran kuma a raba su uku-uku, kowane rukuni da shukarsa. A samo gwangwanayen madara, a huda gindinsu da ƙusa, a ɗaura musu igiya. Kowace safiya, kafin a shiga aji, yarinya 'yar shekara biyar ta tsoma gwangwaninta a bokiti, ta riƙe shi da hannu biyu, ta tafi a hankali ruwa na ɗiga a kan silifas ɗinta, ta tsuguna ta juye a gindin shukar. Ranar da ɗaliban suka zo sai a auna tsawon shukar da tsinke, a yi alama a bango, a ƙirga sababbin ganye da ƙarfi a haɗa baki. Lissafi ya shiga ke nan, sunayen sassan tsiro sun shiga, jiran layi a bakin bokiti ya shiga. Zogale yana saurin girma, cikin 'yan watanni ya wuce tsawon yaran. Idan ganye ya isa tsinka, a tsinka tare, a ƙulla 'yan ƙulle-ƙulle, malama da ɗaliban su raka yaran su kai wa tsofaffin da ke maƙwabtaka da makarantar, yaro ya durƙusa ya gaida Baba ko Iya, ya miƙa da hannunsa. A nan shi ne mai bayarwa, shi ake sa wa albarka. Kuɗin wannan aiki gaba ɗaya bai kai na shatar mota da buga ƙyalle ba. Inda babu ruwa ko fili, ana iya ɗaukar wani abin dabam, kamar tsince ledoji da ƙaya daga hanyar shiga makaranta, wanda addini ma ya ƙidaya shi cikin sadaka, ko 'yan shekara biyar su riƙa zuba wa ƙannensu ruwa da buta suna wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Sharaɗin dawowa kuwa shi ne ƙashin bayan maganar, kuma akwai hujja mai ƙarfi a kansa. Tsakanin 1986 da 1987, a birnin Kingston na Jamaika, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 'yan wata 9 zuwa 24 waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar. Wasu aka riƙa ba su madara kowane mako. Wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ta unguwa ke zuwa gidansu awa ɗaya a mako, ta yi wasa da yaron da kayan wasan da aka haɗa da tarkacen gida, ta nuna wa uwar yadda za ta riƙa hira da shi tana yaba masa. Aka yi shekara biyu ana haka. Bayan shekara ashirin aka bi sawun yaran, kuma sakamakon da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa waɗanda aka riƙa ziyarta suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da kusan kashi 25 cikin 100. Gaskiya ne yaran Jamaikan sun fi 'yan nazare ƙanƙanta, masu ziyarar kuma an horar da su, don haka ba za a ce ɗalibanmu za su samar da irin wannan sakamako ba. Abin lura shi ne, kayan aikin ba su da tsada, lokacin bai wuce awa ɗaya ba, abin da ya yi tasiri shi ne fuskar da yaron ya sani tana dawowa kusan sau ɗari. Ƙungiyar Jumpstart ta Amurka, wadda aka fara a jami'ar Yale a 1993 don haɗa ɗaliban jami'a da yara 'yan nazare na unguwannin marasa hali, a kan wannan ta ginu: a horar da ɗalibi, ya riƙa zuwa aji ɗaya a kai a kai tsawon shekarar karatu. Mu ma muna da irin wannan ƙofa. Tsarin yi wa ƙasa hidima da aka kafa a 1973 ya ware rana ɗaya a kowane mako don aikin raya al'umma, kwalejojin ilimi kuma suna da ɗaliban da ke nazarin koyar da ƙananan yara, waɗanda ke bukatar ajin da za su gwada abin da suka karanta.

Za a ce da ni, yaron da ya zo makaranta bai karya ba, babu takalmi a ƙafarsa, ai biskit da fensir sun fi masa gwangwanin ban-ruwa. Wannan magana tana da nauyi, kuma ban ce a daina kyauta ba. Yaro mai jin yunwa ba ya koyon komai, wanda ya ga haka kuma yana da abin bayarwa ya bayar. Sai dai a yi wa kai adalci wajen auna abin: ƙunshin biskit ɗaya a shekara ba ya maganin yunwa. Ciyar da yara kullum aikin iyaye da hukuma ne, shirin ciyarwa na gwamnatin tarayya da aka ƙaddamar a 2016 ma 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare ya nufa, bai sauko kan 'yan rabin aji ba. Ɗaliban da wannan ya dame su za su fi yin tasiri idan suka rubuta wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiharsu, ko suka tashi maganar a gidan rediyo. Idan kuma akwai kayan da za a raba, a damƙa su hannun malama, wadda ta san yaron da ba shi da fensir da wanda ke da uku, ta ba shi a asirce ba tare da an tsayar da shi gaban kyamara ba.

Wasu kuma tsoronsu shi ne kada a fake da hidima a sa yara bauta. Su ma suna da dalili, domin aiken da Schildkrout ta yi bayaninsa ya haɗa har da talla, kuma mun san yaran da talla ta raba da makaranta, da waɗanda wasu makarantu ke sa wa ɗiban ruwa da sharar gidan malamai. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana sa yaro aikin da ya fi ƙarfinsa ko na ci-da-gumi. Iyakar a fili take. Aikin kada ya wuce minti goma zuwa sha biyar, kada a ba yaro wuƙa ko fartanya ko kaya mai nauyi, kada a fitar da shi cikin tsananin rana, kada wani babba ya ci riba da guminsa, kuma yaron da ya ce ba ya so a ƙyale shi ya zauna ya yi kallo, gobe da kansa zai nemi gwangwani. Aikin da ya cika waɗannan sharuɗɗa wasa ne mai amfani, irin wanda yaro ke kuka idan an hana shi.

Uzuri mafi gaskiya shi ne na lokaci. Ɗalibi yana da lacca da jarrabawa da neman kuɗin mota, kalandar jami'a kuma ba ta da tabbas; a 2022 yajin aikin malaman jami'o'i ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda ya yi wa yara alkawarin zuwa kowane mako ya ɓace ya fi wanda bai zo ba laifi, domin ƙaramin yaro yana saurin shaƙuwa, kuma yana jin zafin rabuwar da ba a yi masa bayaninta ba. Maganin wannan shi ne a rage girman alkawari. A ɗauki makarantar da za a iya zuwa da ƙafa, a ɗauki aji ɗaya, a yi alkawarin mako takwas ko goma kacal, a raba kai biyu-biyu ta yadda in ɗaya ya samu uzuri ɗayan zai je. A fifita ɗaliban da gidajensu ke cikin garin, waɗanda yajin aiki ba ya kora su wata jiha. Tun ranar farko a gaya wa yaran ranar da za a gama, idan ta zo a yi sallama a fili. Ƙungiyar kuma ta rubuta abin da ta yi a littafi ta miƙa wa shugabannin da za su gaje ta, domin shuka ba ta san an sauya shugabanci ba, ruwa take so har cikin bazara.

Sai batun da bai kamata a yi masa kara ba, wato tsaron yaran. Duk wanda ya nemi a ba matasa baƙi damar shiga ajin ƙananan yara mako-mako, dole ya yarda cewa ya buɗe ƙofar da mugu ma zai iya bi. Mutanen Kano ba su manta da yarinya 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace ya kashe ba, wadda aka gano gawarta a farkon 2022. Tun daga lokacin iyaye suka ƙara ɗari-ɗari, kuma suna da gaskiya. Saboda haka ƙa'idojin nan ba na sassautawa ba ne: takardar gabatarwa daga jami'a ko kwaleji mai ɗauke da sunan kowane ɗalibi, amincewar shugaban makaranta da kwamitin iyaye, sanar da mai unguwa, kasancewar malama a wurin daga farko har ƙarshe. Kada ɗalibi ya keɓe da yaro, kada ya raka shi bayan gida, kada ya bi shi gida, kada ya ba shi abin ci ba da sanin malama ba. Hoto ma yana cikin wannan. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shar'anta izinin iyaye ko waliyyi kafin a yi amfani da bayanan yaro, amma ko babu doka, fuskar ɗan wani sanye da rigar makarantarsa, ga sunan makarantar a bango, ba abin watsawa a intanet ba ne a zamanin da ake satar yara. Wanda ke bukatar shaidar aiki don rahoto ya ɗauki hoton shukar da gwangwanayen. Ɗalibin kirki ba zai ji haushin waɗannan ƙa'idoji ba, shi ma kariya ce gare shi daga zargi.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai an fara da malamar ajin, kuma a nan ne shirye-shiryen ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. Sukan gama tsara komai a ɗakin taro, sannan su aika wa makaranta takardar sanarwa. Da ɗan gari akan ci gari. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 25 a wannan mataki, amma duk wanda ya leƙa firamaren gwamnati a manyan garuruwanmu ya san ajin rabin aji kan ninka haka, malama ɗaya tana fama da mai kuka da mai fitsari da mai barci. Ita ta san yaron da ke tsoron baƙi, da ranar da ake samun ruwa a famfo, da lokacin da hankalin yaran ke tashi. Ita ce kuma za ta ci gaba da aikin ranakun da ɗaliban ba sa nan. Mataki na farko na shiri shi ne mutum biyu ko uku su je su gaishe ta, su zauna a bayan aji su yi kallo na yini guda, sannan su tambaye ta, Malama, wane abu ne in mun ɗauke miki za ki ji sauƙi? Amsarta na iya zama abin da ba su taɓa kawowa a rai ba, kamar mutum biyu da za su riƙa yi wa rabin ajin tatsuniya a gindin bishiya yayin da take koya wa sauran riƙon fensir.

Kirana ga shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai da masu yi wa ƙasa hidima shi ne, a zaman shawara na gaba, kafin a yi maganar kuɗin ƙyalle da mota, a amsa tambayoyi uku a rubuce: me yaran za su yi da hannunsu, wa zai amfana da abin da suka yi, kuma su wane ne a cikinku za su koma ajin mako mai zuwa. Shugabannin makarantu kuma su riƙa yi wa duk ƙungiyar da ta kawo musu takarda waɗannan tambayoyi kafin su sa hannu, iyaye su ma su tambaya. Ƙungiyar da ba ta da amsa ta kai kayanta ofishin shugaban makaranta ta ajiye, Allah Ya ba ta lada, amma kada a fito mata da yara cikin rana.